Ranar da Sallau Taya ya Taka Surukinsa

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Waca ya san rumfar Sallau, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce wadda tsofaffin tayoyi suka yi wa katanga, ga rabin duro cike da ruwa baƙi ƙirin inda yake tsoma shamburayar, wato robar cikin taya, yana neman inda ta huje. A bayan rumfar akwai tabarma, wadda in ka wuce da hantsi za ka jiyo ƙato da gemunsa yana salati a kanta yana kiran uwarsa. Kada ka tsorata, ba yanka shi ake yi ba. Magani ake yi masa, kuma da ƙafarsa ya kawo kansa.

Ni Ƙande, kaskon ƙuli-ƙulina yana jikin rumfar nan shekara da shekaru, don haka abin da zan gaya muku ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Ga shi kuma ƴar yayana yake aure, Zalika. Gwaggo yake ce mini, ni kuwa in ce masa duk abin da ya zo bakina.

Asalinsa ɗan Kwaya ne, kuma tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta san zama ba. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, mushe, malamin ajinsu, ya gaji da farautarsa cikin gonakin gyaɗa. An ba shi hauya, ya ce shi bayansa bai dace da duƙe ba. Ya yi yaron mota, ya yi tallan isansi, wato man fetur, a kwalba, ya yi dako a bakin iyakar Najeriya, ko wanne ya taɓa ya aje. Da ya zo neman Zalika, yayana Malam Mamadu, limamin masallacin tasha, ya tambaye shi sana'arsa. Ya ce, "Baba, ina dubawa tukuna." Malam ya kalle shi sama da ƙasa. Yarinya ta ce ita shi take so, uwarta ta goya mata baya, aka ɗaura. Daga ranar nan tsakanin Malam da Sallau sai gaisuwa, ita ma daga nesa, Sallau a tsugune, takalma a hannu, ido a ƙasa. Haka ya kamata suruki ya yi, ban ce a'a ba. Amma na Sallau ya wuce kunya, tsoro ne tsagwaronsa. In ya hango rawanin Malam a kan hanya, sai ya faɗa lungu ko da lungun ba ya ɓullewa.

Bayan an haifa masa ƴar fari ya bi masu zuwa Libiya. Can ya samu aiki a shantiye, wurin gini, yana ɗaukar siminti tare da waɗansu mutane ƴan ƙasar Tailan. Wata rana, in ji shi, ya sunkuya zai ɗaga buhu, bayansa ya ce ƙas, ya tsaya a haka, ba gaba ba baya. Sai wani ɗan tsamurmurin tsoho a cikinsu ya shimfiɗa kwali, ya kwantar da shi, ya hau shi da ƙafa. Ya danna nan, ya ja can, ya naɗe shi, ya warware shi, Sallau yana zaginsa da Hausa, shi yana dariya da yarensu. Da aka gama ya miƙe tsaye garau. Tun daga nan ya liƙe wa tsohon, kullum in an tashi aiki yana kallon yadda suke taka junansu, har shi ma ya fara takawa. Ba su da yaren da ya haɗa su, da hannu da ƙafa aka yi karatun.

Da yaƙi ya ɓarke a ƙasar aka kwaso mutanenmu a kamyo, manyan motocin kaya. Wani ya dawo da bargo, wani da rediyo, wani da keken ɗinki. Muka taru a ƙofar gida muna jiran tsarabar Sallau. Sai ga shi da ƴar leda a hannu, riga ɗaya a ciki. Zalika ta ce, "Ina kayan?" Ya ɗaga tafin ƙafarsa ya ce, "Ga su nan." Wallahi ranar nan, da ludayi yana kusa, da na kwaɗa masa.

Da ya ga ba wanda zai kwanta a taka shi, sai ya kafa rumfar faci a tasha, ya fara zama mutum. Ana haka wata ranar kasuwa wani shofer mai zuwa Magarya ya fito daga mota a karkace, yana riƙe da ƙugu. Sallau ya ce masa, "Kwanta a nan kafin facin ya bushe." Ba mai, ba tuɓe riga. Ya kafa masa gwiwa a baya, ya kamo hannuwansa ya ja, ya ɗaga ƙafarsa ya tura ta har ta kusa gaisawa da kunnensa, ya bi cinya da diddige yana dannawa. Shofer ya yi ihu, fasinjoji suka taru. Can ya tashi, ya murɗa ƙugu dama da hagu, ya buɗe baki.

Ya ce, "Kai, wannan wace irin tausa ce?"

Sallau ya ƙara tsayi ya ce, "Tausar Tai ce."

"Tausar taya?"

"Tai! Ƙasa ce, can gabas, gaba da Makka."

"To ai abin da na ce ke nan, taya."

Sallau ya zauna yana bayani kamar mushe. Ya ce, "Ka ga miƙar da kake yi in ka tashi barci? Ita ce, sai dai wannan wani ne yake taya ka yi." Shofer ya juya ya kalli jama'a ya ce, "Kun ji ko? Da bakinsa ya ce taya."

Shi ke nan, magana ta zauna. Kowa a tasha ya sha ganin yadda Sallau yake hawa kan taya da diddige yana dannawa har ta rabu da ƙarfenta, ga shi kuma sun ga ya yi wa mutum irin wannan. Wa zai yarda da wani tsoho a Libiya? Aka ce a jikin tayoyi ya koya, da suka ƙare ya koma kan ƴan Adam. Ya yi fushi, ya yi rantsuwa, har allo ya sa aka rubuta masa a Magarya. Mai fentin ya ga an rubuta Tai, ya ɗauka kuskure ne, ya gyara masa, ya ƙara zanen taya a gefe kyauta. Sunan Sallau Taya ya bi shi har ƴaƴansa.

Suna dai bai hana ciniki ba. Masu kabu-kabu, ƴan haya da moto, wato babur, waɗanda ramukan hanya suka kwance musu ƙugu, manoma bayan girbi, masu amalanke, duk suna zuwa. Har majo na disfanser, mai duba marasa lafiya a ƙaramin asibitinmu, yana zuwa, amma ta baya, ya ce wai iskar motonsa ya zo dubawa. Wasu ya yi musu amfani, wasu sun tashi yadda suka kwanta, sai ƙarin tsami. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa yakan ce, "Wannan ba na ƙafa ba ne, na likita ne," wannan kam na shaide shi. Ya koya wa Zalika tana yi wa mata a cikin gida, ni ma ta taɓa lanƙwasa ni, na yi mata Allah ya isa sannan na koma washegari. Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Hambali wanzami, don duk bayan da Sallau ya taka, ƙahonsa ne ya rasa.

To, a kakar bara ne Malam Mamadu ya je gona ya ga ana ɗora dammunan gero a amalanke. Tsoho ne, amma ka gaya masa! Ya ce samarin yanzu ba su iya ɗaukar dami ba, bari ya nuna musu. Ya nuna musu kuwa, a kan amalanken aka kawo shi gida tare da geron. Majo ya tura shi Damagaram aka ɗauki hoton bayan, aka ce ba abin da ya karye. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya riƙa motsa jiki. Ƙwayoyin ya sha, motsin ya ce ba shi ba wasan yara. Hambali ya yi masa ƙaho har bayan ya rasa wurin kafa wani. Baya ya ƙara sandarewa, gwiwa ta bi sahu. Ruku'u ya gagara, sujada kuwa ba a magana. Mutumin da ya fi shekara talatin yana jan salla ya koma kan kujerar roba a ƙarshen sahu, yana sunkuyar da kai kawai.

Mai salla a zaune ba ya jan na tsaye, kowa ya sani. Sai na'ibinsa, Malam Nafi'u, ya riƙe. Nafi'u ba mugun yaro ba ne, yana da karatu, amma fa ya ji daɗin gaba. Cikin ɗan lokaci ya ɗinka sabuwar babbar riga, muryarsa ta ƙara kauri. Kullum sai ya zo gaida Malam, yana tambayar baya, yana leƙensa kamar mai jiran tunkiya ta haihu. Dattawan masallaci suka zauna suka yanke cewa in azumi ya kama Malam bai iya kai goshi ƙasa ba, a naɗa Nafi'u gaba ɗaya.

Ranar da aka gaya masa na shiga na same shi a zaure shi kaɗai, yana shafa goshinsa. Ya ce, "Ƙande, duba mini, kamar tabon yana gogewa ko?" Na ce yana nan daram. Ƙarya na yi, ya fara dusashewa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tsayawa, na fito ina share ido da bakin zane.

Ni ce na fara furta abin da kowa yake tunani. Na ce, "Yaya, ga magani a gidan ƴarka, sai wari yake yi." Ya ce, "Wane?" Na ce, "Sallau." Ya zabura zai tashi, baya ya tuna masa. Ya ce, "Mijin ƴata ya ɗora mini ƙafa? Gara a binne ni a lanƙwashe!" Na ce to Zalika fa? Ya ce ƴar cikinsa ta taka shi, wannan ya fi muni. Na wuce rumfar Sallau na gaya masa. Guduma ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Gwaggo, ki ce in shiga rijiya da ka, zan shiga. Amma in taka Baba? Ni ko inuwarsa ban taɓa takawa ba."

Sai magana ta koma gindin bishiyar bedi, wato darbejiya, inda dattawa suke warware duniya. Ku ji shawarwarin manya. Wani ya ce a lulluɓe Malam da bargo, Sallau ya ɗauka taya ce. Wani ya ce ya sa safa, tun da safa ba ƙafa ba ce. Wani ya ce ya yi alwala tukuna. Sai wani mai furfura har gira ya gyara murya ya ce ai abin mai sauƙi ne, Sallau ya saki Zalika saki ɗaya, surukuta ta faɗi, ya taka, in an warke ya mayar da ita kafin idda ta cika. Har an fara gyaɗa kai! Ina daga gefe da faifan ƙuli-ƙuli, na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka da tsufanka. Matarka za a saka, ko ƴar mutane?" Aka ce mata ba sa sa baki. Na ce na riga na sa.

Wanda ya kawo mafita shi ne wanda ba a zata ba, Hambali wanzami. Kada ku ce son Sallau ne ya kama shi. Nafi'u ne ya taɓa cewa a wa'azi aska ɗaya a kan mutane da yawa tana yaɗa ciwo, shi kuma da inji ake yi masa aski a Magarya. Hambali ya gwammace ya rasa ƙaho da ya ga wannan yaron a gaban sahu har abada. Wanzami kuwa shi ya san asalin kowa, don kakanninsa ne suka tsaga fuskokin kakanninmu.

Ya zauna, ya buɗe zabira ya rufe, don a san da gaske yake. Ya ce, "Wa aka yarda ya taka babba, ya zage shi, ya ƙwace masa hula, ba laifi?" Aka ce abokin wasa. Ya ce, "Madalla. Bafillace da Babarbare fa?" Aka ce ai wannan wasa ne tun kaka da kakanni. Ya ce, "To ku sani, kakar Malam Mamadu ta wajen uwa Bafillatana ce. Kakan Sallau kuwa Babarbare ne, kakana ya ji shi da kunnensa yana gaisuwa yana cewa wushe."

Jama'a, kakarmu ce fa, a ɗakinta na girma. Fillancin da ta sani bai wuce ta taɓa riƙe wa wata mai nono ƙwarya ba. Kakan Sallau kuwa fataucin kanwa ya je gabas sau ɗaya, ya dawo da kalmar nan guda yana ta wahalar da mutane da ita. Na buɗe baki, sai na tuna goshin yayana, na rufe. Wani ya ce to surukutar fa? Hambali ya ce wasan tun kafin a haifi Zalika yake, aure daga baya ya zo ya tarar da shi, don haka na farko ake bi. Dattawa suka ce lalle Hambali ya san asali. Nafi'u ya ce shi bai ga wannan a littafi ba, aka ce masa ba a littafi yake ba, a zabira yake.

Malam ya yi kwanaki yana ƙi, sannan ya aiko a ce ya tuna, kakar tamu tana da dogon hanci.

Sai dai Hambali ya kafa sharaɗi. Ya ce wasa ba a baki yake ba, sai an yi shi a gaban shaidu, in ba haka ba ƙafar ta suruki ce. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Malam da hantsi, aka kwantar da shi rub da ciki, dattawa suka jeru a inuwa. Mu mata muna bayan zana, kowa da ramin da take leƙe. Sallau ya shigo, ya tuɓe takalma tun daga zaure, ya tsuguna, gumi yana zuba kamar an watsa masa ruwa.

Hambali ya ce, "Tashi ka tsokane shi."

Sallau ya ce, "Ba... Baba, ina kwana."

"Ba a Baba a wasa! Sake."

Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa a tasha ya zama kurma. Zalika tana gefena tana murza hannu. Na ce a raina shi ke nan, Nafi'u ya ci. Sai muka ji murya daga kan tabarma, ta fito a danne don fuskar tana ƙasa.

"Kai Babarbare, bawan gidanmu! Tsayuwar me kake yi? Ko sai an ba ka kanwa ka lasa?"

Dattawa suka kalli juna. Tun da nake da yayana ban taɓa jin irin wannan a bakinsa ba. Sallau ya rufe ido kamar mai shan maɗaci, ya ce da ƴar siririyar murya, "Kwanta daidai, Bafillace. Saniyarka ma na kayar, balle kai."

Wallahi har kaji suka yi tsit. Sai bayan Malam ya fara rawa, muka ɗauka ciwon ne, ashe dariya yake, yana yi yana cewa wayyo. Hambali ya ce, "Wasa ya tabbata." Sallau ya yi bisimilla ta fi a ƙirga, ya ɗaga ƙafar dama, ta tsaya a sama, sannan ya sauke ta a hankali a kan cinyar limamin Waca. Zalika ta toshe baki ta ruga ɗaki.

Ba a rana ɗaya aka warke ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Kullum da hantsi Sallau yana rufe rumfa ya tafi. Ya danna, ya ja, ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji kaɗan-kaɗan, ya zaunar da shi ya kafa masa ƙafa a baya ya kamo hannuwa. Ya kuma tilasta masa tafiya zuwa bakin rijiya da dawowa, abin da majo ya faɗa tun farko aka ƙi ji. Da Malam ya ce ya gaji, sai Sallau ya ce, "Bafillace da gajiyar tafiya? Ashe kai na jabu ne." Sai tsoho ya ɗauki sanda yana zagi yana tafiya.

Amma wasa in an buɗe masa ƙofa ba ya tsayawa a tsakar gida. Labari ya kai kasuwa. Barebari masu kanwa, na gaske, suka fara tare Malam a hanya suna cewa bawansu ya zo ya ɗaukar musu kaya. Masu nono suka mayar da zaurensa wurin hutawa, suna gaishe shi da Fillanci, yana amsawa da "to, to, madalla". Mutumin da in ya wuce ake sauke murya, yanzu har masu kabu-kabu suna yi masa kukan saniya daga nesa. Masu son Nafi'u suka samu abin faɗa, suka ce ko ya warke, wa zai bi limamin da mai faci ya taka? Abin ya ƙona mini rai, don ni na jawo. Shi kuwa Malam ko a jikinsa, har rumfar Sallau yake zuwa ya zauna a kan taya suna musayar baƙar magana, ya ci mini ƙuli-ƙuli ya ce Babarbarensa zai biya.

Sallau ne ya rame. Da watan azumi ya matso ya daina cin abinci sosai. Ya ce mini, "Gwaggo, ruku'u ya samu, amma gwiwar nan ban yarda da ita ba. In ya sauka ya kasa tashi a gaban mutane fa? Na zubar masa da girma, ban ba shi komai ba. Ranar sai dai in kwashe tayoyina in bar garin." Na ce ya rufe mini baki.

Aka sa azahar ta ranar kasuwar ƙarshe kafin azumi. Masallacin tasha ba shi da bango sosai, rufin kwano ne da ƴar katanga iya gwiwa, daga gaban kaskona ina ganin komai. Ranar har waɗanda ba su san hanyar masallaci ba sun yi alwala, sahu ya fita har cikin rana. Malam ya zo ba sanda, ya wuce gaba. Nafi'u ya matsa masa, fuska ba yabo ba fallasa. Sallau ya maƙale a sahun ƙarshe.

Aka kabbara. Aka yi ruku'u, ya sunkuya, ya ɗago lafiya. Sai ya ce Allahu akbar, ya tafi ƙasa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, hannuwa, goshi. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mai shayi ya waigo.

Sai kuma bai ɗago ba.

Aka jira. Na sahun waje goshinsu yana kan tabarma mai zafi, suka fara mutsu-mutsu. Wani ya yi gyaran murya. Nafi'u ya ce subhanallah, ya sake cewa, da ɗan ƙarfi. Malam ko motsi. Na ce a raina ya maƙale, ko kuma Allah ya karɓi abinsa a haka. Sai na ga Sallau ya ɗago kai shi kaɗai a cikin masallaci, ya duba, ya miƙe, ya katse sallarsa. Ya bi ta gefen katanga da gudu ya isa gaba, ya durƙusa, ya sa hannu a ƙugun tsohon zai ɗaga shi. Daga baya ya gaya mini abin da ya gani: tabarmar gaban Malam ta jiƙe sharkaf, gemunsa yana ɗiga, bakinsa yana motsi. Malam ya ture hannun da kafaɗa, ya ce Allahu akbar da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ɗago da kansa.

Ya ƙarasa sallar daidai, sauran sujadun gajeru. Da aka sallame masallaci ya kaure, masu murna suna yi, masu ƙorafi suna shafa goshi suna cewa an gasa su. Dattawa suka ce to, sharaɗi ya cika, liman ya koma wurinsa. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juya wajen na'ibinsa.

Ya ce, "Malam Nafi'u, daga la'asar kai za ka ja, har abin da Allah ya yi."

Hambali ya ce, "Haba Malam! Duk wahalar nan da muka sha? Har asali na tono!"

Malam ya ce, "Na gode, Hambali, Allah ya yafe mana ni da kai. Ni ma da na ɗauka gaban nan nake kewa. Sai da goshina ya taɓa ƙasa na gane. Na samu abin da na rasa, sai ga mutane a bayana suna tari in tashi. Liman ba shi da ikon daɗewa, ni kuwa yanzu daɗewa nake so."

Malam ya dafa ƙasa ya miƙe, ya dubi Sallau da yake rakuɓe a jikin katanga yana share fuska da hula.

Ya ce, "Kai kuma Babarbare, salla ka katse saboda ni?"

Sallau ya ce, "Na ɗauka na karya ka, Baba."

Wannan karon Hambali bai ce ba a Baba a wasa ba. Malam ya kama hannunsa, a gaban kowa, ya ja shi zuwa ƙarshen masallaci. Ya ce, "Zo ka sake ta, ɗana. Ni ma ina da nafila."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a bakin tabarmar ƙarshe, inda rufin kwano bai kai ba. Sallau ya yi raka'o'insa ya sallame, ya yi addu'a ya shafa, Malam yana ƙasa bai ɗago ba. Mutane suka watse, motar Dungas ta cika ta tashi. Wani mai moto ya turo tayarsa da ta sace har ƙofar rumfa yana ƙwala kiran Sallau Taya. Sallau ya matsa ya zauna ta inda rana take dukan tsohon, ya tare masa ita da jikinsa. Ni kuwa ina tsaye ina kuka kamar yarinya, ƙuli-ƙulina ya ƙone ƙurmus a kasko ban ko ji ƙaurinsa ba.